Zarton da ba ya son waya

Maccido kafinta ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin teburin ƙarfen, 'yan gwanjo suna ta yi masa dariya. Baturen da ya gina ɗakin shan magani a Goronyo zai tashi, ya fito da kayan aikinsa, ciki har da injinan zarto biyu masu teburi. Ɗaya kore ne shar, sai ƙyalli yake. Ɗayan kuwa tsatsa ta ci ƙafafunsa, ko fenti babu.

Ba kallo ne ya kawo Maccido daga Wurno ba. En'e na son bencina sittin na makarantar Rabah kafin a koma karatu, kuma wanda ke iya tsaga katako a kan lokaci shi za a ba aikin. Da zarton hannu, sai a ci kaka bai gama ba. Sansa na huɗa ya sayar ya zo, kuma abin ya yi masa ciwo.

Halliru, wanda suka koyi sana'a tare kuma bai taɓa yarda an riga shi komai ba, yana jingine da koren tun safe. Da ma'aikatan Bature suka tayar da shi, ya ratsa katako kamar wuƙa cikin sabulu. Halliru ya yi ta taya kuɗi har kowa ya janye.

Maccido bai ko ɗaga hannu ba. Shi idonsa na kan baƙar wayar da ta fito daga koren, ta ja ciki har motar Bature, inda injin wuta ke ruri. Ya tambayi direba ko wancan ma na sayarwa ne. Aka ce a'a, gobe zai wuce Gusau da mai shi.

Sai ya koma kan tsohon. Ya juya faifan da hannu, ya ji ba ya gurnani, ya bi haƙoran da ɗan yatsa, ya auna gargaren da ake ɗaura wa bel da taƙinsa. Daidai da na injin niƙan surukinsa Atiku a kasuwar Wurno. Babu wanda ya taya, aka sallama masa a kuɗin da bai kai rabin na san da ya sayar ba.

"Mi za ka yi da wanga gyauron ƙarfe?" in ji Halliru.

"Benci," in ji Maccido.

Atiku kan gama niƙa da azahar, sai a zare bel a mayar kan zarto. Kwana tara katako ya taru, wakilin En'e ya zo ya gani, ya ba da aikin.

Ranar kasuwa sai ga Halliru da jaki biyu ɗauke da katako. Ya daɗe yana gaisuwa, har ya tambayi lafiyar kaji, sannan ya ce a tsaga masa.

"Ina koren?" in ji Maccido.

"Shina nan lafiya lau. Matata Hauwa'u na shanya kuɓewa bisa."