Farin Mayafi a Zauren Majalisa

Sau uku ɗan majalisa Nidup yana zazzage jakarsa a bakin ƙofar majalisa a Thimphu, babban birnin ƙasar, amma shuɗin mayafinsa bai fito ba. Sai a lokacin ya tuna yana can gida kan kujera, inda matarsa ta ajiye bayan ta goge.

A nan kuwa ba a shiga zauren sai da kabney, dogon mayafin da ake saɓawa a kafaɗa, kowa da launinsa: ɗan majalisa shuɗi, minista ruwan goro, talaka fari. Saura minti goma a fara zaman tambayoyi, tasa ce ta biyu. Wata huɗu yana jiran wannan rana, don ya tambayi ministan noma yaushe za a sa wa ƙauyukansu shingen lantarki, kafin aladun daji su cinye masarar bana. Idan aka kira shi ba ya nan, shi ke nan sai wani zama, bayan girbi.

"Dasho, ranka ya daɗe, ka yi haƙuri," in ji mai tsaron ƙofa. "Ko ubana ne ba zai wuce haka ba."

Ap Phurba, tsohon manomin da ya yi kwana biyu a mota daga ƙauyensu don kawai ya ji wannan tambaya da kunnensa, yana gefe yana taunar goron doma.

"Mun zaɓe ka ka kai kukanmu, ashe ko tsummanka ba ka iya kaiwa," ya ce. Ya warware farin mayafinsa, wanda duk ya sha hayaƙin murhu. "Ungo."

"Baba, in na karɓa kai ba za ka shiga ba."

"Ni aka zaɓa? Wuce, ɗan nan, kana ɓata mini lokaci."

Mai tsaron ƙofa ya sosa ƙeya. Shi dai an ce masa kar kowa ya shiga babu mayafi, ga mayafi kuma. Ya kauce.

Nidup ya shiga, shi kaɗai da fari a tsakiyar shuɗaye, kunya kamar ƙasa ta tsage. Da aka kira shi ya miƙe, sai dariya ta zaga zauren. Kakakin majalisa ya leƙo ta saman tabarau. Ministan noma, mutum mai son tsokana, ya ce, "Ban ji labarin an sauke mai girma daga kujerarsa ba."

"Aro na yi, ranka ya daɗe. Mai shi yana waje a zaune. Shekara uku yana kwana a bukka yana kaɗa gwangwani, aladu na cin rabin gonarsa. Shi ke tambaya: yaushe?"

Minista ya dubi takardar da aka rubuta masa, mai cewa ana nazari, ya kife ta.

"A gaya masa za a sa shingen kafin masara ta yi goyo."

Nidup ya fito da murna har yana tuntuɓe. Ya tarar da Ap Phurba a kan dakali, shi da mai tsaron ƙofa sun haɗa kai a kan 'yar rediyo.

"Baba, ka ji?"

"Na ji." Tsohon ya zare mayafinsa daga kafaɗar Nidup, ya kakkaɓe, ya saɓa. "Shekara biyu kana shiga da shuɗi ba mu ga komai ba. Gobe in za a yi maganar asibitinmu, ka zo ka ara."