Makarantar Kawu ta Mako Takwas

Wata goma sha ɗaya na yi ina zaman gida bayan na gama digirina na kimiyyar kwamfuta. Na cike fom ɗin neman aiki har na haddace lambar satifiket ɗina, amma sau uku kacal aka kira ni intabiyu. Na farko suka ce matashi sabon jini suke nema, amma mai gogewar shekara biyar. Na biyu suka ba ni aikin gwaji na kwana huɗu, na yi na aika musu, bayan sati biyu na ga aikin nawa a shafinsu na intanet, ni kuwa ko sannu ban samu ba. Na ukun wani mai tumbi ne, ya duba takarduna sama-sama, ya tambaye ni ko na iya haɗa shayi.

Umma ba ta taɓa yi mini gori ba. Wannan aikin ƙanenta ne ya ɗauke mata shi, wato Kawu, wanda har yau Auta take kiransa duk da furfurar da ta cinye masa rabin gemu.

Kawu yana da makarantar koyon kwamfuta a saman wani shagon tayoyi. Ɗaki biyu ne da kwamfuta goma sha huɗu, tara daga ciki ke kunnuwa. A bakin matakala ya kafa ƙaton allo: ZAMA INJINIYAN MANHAJA CIKIN MAKO TAKWAS. Shi kansa da buga wa mutane takardu da ɗaukar hoton fasfo ya fara, daga nan ya wayi gari ya naɗa kansa Darakta.

Duk Asabar sai ya zo gidanmu, ya zauna a kujerar da ta fi kowace laushi, ya ɗaga murya.

"Ina Malama Digiri? Har yanzu kamfanonin duniya ba su turo mota ba?"

"Auta, ka ƙyale min yarinya," in ji Umma.

"Yaya, gaskiya ce ba a so. Shekara huɗu a jami'a! Ni a shekara huɗu na yaye injiniyoyi sun fi ɗari shida."

Ban taɓa tambayarsa ina injiniyoyin suke ba. Na san ɗaya dai, yana sayar da murfin waya a bakin tasha.

Wata Asabar sai ya zo da murya mai taushi. Ya ce ya kwana da ni a ransa, bai kamata 'yar yayarsa ta ruɓe a ɗaki ba, in zo in riƙa koyarwa a wurinsa. Umma har da ƙwallar farin ciki. Ya ƙara da cewa in taho da satifiket ɗina, zai ɗan yi kwafi saboda fayil. Sai da na fara zuwa na gane dalilin tausayin. Masu yi wa makarantu rajista ne suka ce sai akwai malami ko da ɗaya mai digiri, in ba haka ba su garƙame masa ƙofa.

Kwafin da ya yi ya ninka na asalin girma. Ya sa shi a gilashi ya rataye daidai bayan kujerarsa. Idan iyaye suka zo sa yaransu, sai ya nuna shi da biro.

"Malamanmu duk 'yan jami'a ne. Ba ma wasa da inganci."

Idan kuma ya shiga aji, sai ya nuna ni da biron nan dai.

"Kun ga wannan? Shekara huɗu ta yi a jami'a. Yau a ƙarƙashin wa take ci?"

Su amsa baki ɗaya, "Darakta!"

Karatun kuwa ba wani abu ba ne. Akwai shafin intanet guda da ya sauko da shi tun shekarun baya, kowane ɗalibi zai canza masa launi, ya sa hotonsa, ya rubuta sunansa a sama. A mako na takwas a ba shi takardar shaida mai zanen zinare a gefe. Ranar da na tsaya ina yi musu bayanin abin da ke faruwa a cikin kwamfuta idan an danna maɓalli, Kawu ya leƙo ta taga.

"Malama Digiri, ba falsafa suka zo koya ba. Ki nuna musu inda ake canza launi."

A wata na uku na lura akwai lambar da Kawu ba ya ɗauka. Da ta kira sai ya kifa wayar a kan tebur. Ashe wani asibitin kuɗi ne da ya sayar wa manhajar katin marasa lafiya shekara biyu da suka wuce. Da mai asibitin ta gaji, sai ta turo direbanta ya tsaya a bakin ofis ya ce ba zai tafi ba sai da Darakta. Kawu ya miƙo mini jakarsa.

"Taho ki riƙe min. Ki ga yadda ake aiki a zahiri."

Ɗakin katin asibitin siriri ne, fanka ɗaya, taga ɗaya, bayan tagar kuma layin mutane har ya lanƙwasa ya bi ta gaban ɗakin magani. Wata dattijuwa mai tabarau ce a zaune a gaban kwamfutar, kowa Anti Mai Kati yake ce mata. Ta rubuta sunan wani mara lafiya ta danna, ta cire tabarau ta goge, ta sha ruwa, ta amsa gaisuwar wata nas, sannan katin ya fito.

"Minti huɗu ke nan," ta ce. "Da safe ma ya fi haka. Da takarda nake nema, da tuni na sallami mutum uku."

Mai asibitin, wadda suke kira Likita kawai, tana tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Kawu ya durƙusa ya hura bayan kwamfutar, ya kashe ta ya kunna, ya girgiza kai irin na wanda ya ga abin takaici.

"Ranki ya daɗe, injin ne ya tsufa. Sabo za a saya. Ina da wanda zai kawo mai kyau."

"Bara ma haka ka ce, aka saya," in ji Likita.

Kawu ya ce to zai je ya yi nazari, yarinyarsa za ta tsaya ta ɗan share fayilolin banza. Ya bi Likita ofis yana ba ta labarin wani taron ƙwararru da aka gayyace shi.

Na ja kujera na buɗe cikin manhajar. Ban yi minti goma ba na fara dariya ni kaɗai, har Anti Mai Kati ta leƙo. Manhajar shagon kayan gwangwani ce, kyauta ake saukar da ita. Kawu ya canza rubutun da ake gani a fuska, na ciki kuwa ya bar shi yadda yake. Mara lafiya sunansa "kaya". Likita "dillali". Ranar da za ka dawo ganin likita kuma tana ƙarƙashin "ranar lalacewa".

Jinkirin ma ba wani sirri ba ne. Duk sunan da aka nema, sai ta karanta kati dubu talatin da wani abu ɗaya bayan ɗaya tun daga na farko. Na yi mata fihirisa irin na bayan littafi, abin da aka koya mana a shekara ta biyu, a wata lakca da rabin aji suka yi barci. Na ce wa Anti ta sake gwadawa. Kafin ta ɗauke yatsa katin ya fito.

"Ke 'yar nan! Me kika yi mata?"

Ta gwada wani, ta sake gwada wani, tana dariya. Ni kuwa idona na kan katin da ya fito na ƙarshe. Dattijo ne mai shekara saba'in da biyu, amma an rubuta an yi masa allurar rigakafin jarirai watan jiya.

"Anti, wannan fa?"

"Ai irinsu da yawa. Akwai wadda kwamfuta ta ce ta haihu sau uku a shekara ɗaya. Likita ta ce sakacin nas-nas ne. Har an dakatar da wata sati biyu a kan haka, tana kuka tana rantsuwa."

Na koma cikin manhajar na duba. A shago gwangwani biyu masu suna ɗaya ai kaya ɗaya ne, don haka manhajar da suna take gane mutum, ba da lamba ba. Duk mutum biyu da sunansu ya zo ɗaya, ta haɗe su a kati guda, bayanin na baya ya hau kan na farko. Rukunin jini, maganin da jikin mutum ba ya karɓa, duka. Na ƙirga irin waɗannan katunan, sun haura dubu ɗaya da ɗari biyu.

Na tare Kawu a wurin ajiye motoci na gaya masa. Ya waiga hagu da dama.

"Wa kika faɗa wa?"

"Ba kowa tukuna."

"To ki rufe bakinki. Shekara biyu ana amfani da ita, wa ya mutu?"

"Kawu, ka sani ne?"

"Ke, ni za ki yi wa tambayar lauyoyi? Shiga mota."

Na ajiye masa jakarsa a kan bonet na koma ciki. Ban taɓa juya wa babba baya yana magana ba sai ranar. Na ƙwanƙwasa ofishin Likita na nuna mata katin dattijon da wasu guda biyar. Tana cikin duba su Kawu ya faɗo ofishin yana haki.

"Ranki ya daɗe, yarinyar nan ce ta taɓa abin da ba ta sani ba. Kin san 'yan jami'a, karatu a ka, hannu babu. Lafiya lau na bar ta ɗazu."

Anti Mai Kati ce ta shigo da wani tsohon littafi mai baƙin bango ta buɗe a kan tebur. Ashe duk katin da ya ba ta mamaki tana rubuta shi da kwanan wata, tun watan da aka kafa manhajar. Likita ta bi shafi uku da yatsa, ta ɗago ta ce wa Kawu ya fita, kada ta ƙara ganin ko inuwarsa a harabar asibitin.

Kafin in isa gida ya riga ni. Na same shi a tsaye a tsakiyar falo, yau ko kujerar bai nema ba.

"Yaya, 'yarki ta tozarta ni a gaban mutane! Ni da na tsamo ta daga zaman banza!"

Umma ta saurari nawa bayanin har ƙarshe, sannan ta dube shi.

"Auta, a asibitin nan aka yi min aikin ido. Da katin wa aka yi min?"

Ya juyo gare ni. Ya ce dai kada in ƙara taka masa matakala. Hoton satifiket ɗin kuwa bai sauke ba, yana nan bayan kujerarsa, har masu rajista sun zo sun gani sun sa hannu.

Bayan kwana biyu Likita ta kira ni. Na ɗauki takarduna a sabuwar jaka na tafi, ina ta shirya yadda zan yi bayanin aikin kammala karatuna. Ko zif ɗin jakar ban buɗe ba.

"Za ki iya raba katunan nan?"

"Zan iya, ranki ya daɗe, amma sai an bi su ɗaya-ɗaya da fayilolin takarda."

"Firinta fa, kin iya gyarawa?"

Mai kula da ma'aikata ya duba jadawalinsa ya ce ba su da gurbin mai digirin kwamfuta, don haka ya rubuta ni mataimakiyar mai kati. Albashin ya ɗan gaza na direba. Na karɓa.

Wata bakwai muka yi ni da Anti muna raba mutanen da Kawu ya haɗe. Muna sauko da fayiloli daga kanta, muna atishawa, muna kiran mutane a waya muna tambayarsu shekarunsu da sunan unguwarsu. Tsakanin haka na sake rubuta manhajar tun daga tushe, kowane mara lafiya da lambarsa. Tsakanin haka kuma ni ce mai gyara firinta, mai saita talabijin ɗin ɗakin jira, mai nemo wa nas-nas hotunan da suka goge a waya. An mayar wa nas ɗin da aka dakatar da haƙƙinta, amma ba wanda ya ba ta haƙuri. Kawu kuwa ya koma zuwa gidanmu ran Asabar kamar ba a yi komai ba, har na ji yana gaya wa maƙwabcinmu cewa a hannunsa na goge.

Watan jiya wata ƙawar Likita mai asibitin haihuwa ta zo ziyara, ta tsaya a ɗakin kati tana kallon yadda Anti ke sallamar layi. Ta tambayi kamfanin da ya yi musu manhajar. Likita ta yi dariya ta nuna ni da haɓa.

"Yarinyarmu ce. Sai in aro miki ita ran Asabar ta saka miki, ba komai ai."

Ina durƙushe a lokacin, hannuna dumu-dumu da baƙin tawadar firinta. Na miƙe na goge a tsumma.

"Ranki ya daɗe, Asabar ba ranar aikina ba ce. Manhajar kuma a gida na rubuta ta, a kwamfutata. In ƙawar taki tana so, sai mu zauna mu yi magana."

Likita ta dube ni kamar kujera ce ta yi magana. Ƙawar tata ta zaro waya ta ce in ba ta lambata. Sati biyu Likita ba ta amsa gaisuwata ba, a na ukun ta aiko a ce in zo, talabijin ɗin ofishinta ya daina kama tasha.