Hutun Mai Lafiya

Hannayenta biyu suna cikin kumfa a kan wata mata, wayar kuma ta maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa, lokacin da ƙanenta ya sake tambayarta.

"Yaya, ban gane ba. Bakin teku kuma? Wa ya rasu?"

"Babu wanda ya rasu."

"To biki ne?"

"Ba biki ba ne, Injiniya. Hutu zan je, mako ɗaya kawai. So nake ka zo ka riƙa kwana wajen Baba."

Gyaran firji Injiniya yake yi, amma tun yana yaro da ya kwance rediyon gidan ya kasa mayarwa, sunan ya bi shi.

"To ki huta a gida mana. Ki rufe shagon ki kwanta."

"A gidan da Baba yake kirana tun kafin in ajiye jaka?"

"Me ma za ki je yi a can?"

"Zama zan yi in kalli ruwa."

Dariya ya yi har da tari. "In dai ruwa ne, Yaya, bari in zo in cika miki baho ki zauna ki yi ta kallo. Ni wallahi aiki ya yi min yawa makon nan. Kira Auta."

Ta ajiye wayar, ta ci gaba da cuɗa kan matar da ƙarfin da ya sa matar ta ce, "Wash, a hankali, ba ni na ɓata miki rai ba."

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, ba a ma zauna an yi shawarar wanda zai riƙe shi ba. Ita ce babba, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun girma sun watse, shi ke nan magana ta ƙare. Babba juji ne, kowa ya kwaso shara shi yake nema. Da asuba ta yi wa Baba wanka, ta ba shi abinci a baki, ta bar shi da maƙwabciya, ta fito shagon gyaran gashi ta tsaya a kan ƙafafunta har yamma. Ba ta ƙin Baba, Allah ya sani. Gajiya ce kawai ta yi, irin wadda barci ba ya cirewa.

Wata mai zuwa kitso ce ta nuna mata hoton wurin: ƙaramin masauki, ɗaki mai taga a buɗe, kujera ɗaya a kan rairayi tana fuskantar ruwa. Kujerar ce ta shiga ranta, don babu kowa a gefenta. Tun daga ranar take shiri a ɓoye. Ta sayi silifa da faffaɗar hula, ta tambayi motar da ke tashi da sassafe, har ta yanke cewa wayarta a ƙasan jaka za ta kwana. Saura abu ɗaya: matar masaukin ta ce in ba ta ji daga gare ta yau ba, za ta ba wani ɗakin.

Da rana, tsakanin wankin kai da kitso, ta kira ƙanwarta.

"Kai, Yaya, kin ji daɗinki!" in ji Auta. "In kin je ki sayo min irin sarƙar nan ta wuri. Amma kwana wajen Baba, ni da yaran nan? Kin san halin babansu."

"Auta, ki saurare ni." Muryarta ta yi ƙasa ba tare da ta shirya ba. "Na gaji. Jikina ya gaji, ba ki san yadda nake ji ba. So nake in je in huta tun kafin…"

Wayar ta ɗauke, caji ya ƙare. Tun kafin lokacin bukukuwa ya zo shago ya cika, abin da za ta ce ke nan. Ta dubi baƙin gilashin wayar, ta jefa ta cikin aljihun tebur tare da matazai. Ba ta ma nemi caja ba. Wa kuma ya rage ta kira?

Haka ta ƙarasa yinin. Ta tsefe, ta wanke, ta busar, ta saurari labarin mazajen mutane tana cewa "Allah ya kyauta" a inda ya dace. A mota ba ta samu kujera ba, ta tsaya riƙe da ƙarfe, ƙafafunta sun kumbura har igiyar takalmi ta nutse. A ranta ta riga ta ba Auta hular, silifan kuma za su yi amfani a banɗaki.

A ƙofar gida ta tarar da takalma jibge. Ta shiga da gudu tana kiran Baba.

Baba yana nan zaune, an jingina shi da matashi, an canza masa riga, an aske masa gemu. An share ɗakin, an wanke kwanukan da ta bari a jiƙe. Injiniya yana tsugune da tawul a kafaɗa. Auta tana bakin gado idonta jajir. Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda rabonta da gidan tun bara, tana kan kujera da carbi a hannu.

"Lafiya?" in ji Yaya.

"Ke za mu tambaya," in ji Gwaggo. "Zauna, 'yar nan. Ku ba ta wuri, ku ɗaga mata ƙafa."

Auta ta fashe da kuka. "Tun kafin me, Yaya? Kika ce tun kafin, kika kashe waya. Na yi ta kira ba ta shiga."

"Caji ne ya…"

"Ba sai kin ɓoye mana ba," in ji Injiniya. "Mun gane. A can manyan likitocin suke. Ni kuma ina miki zancen baho, Allah ya yafe min. Ki tafi, Yaya. Ni zan kwana a nan, Auta ta yini, Gwaggo ta ce za ta dawo nan da zama har ki dawo. Mako ɗaya, mako biyu, duk yadda suka ce."

Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Abin ya ba ta dariya, ya kuma ba ta haushi, haushin ya fi yawa.

"To in lafiyata ƙalau fa?" ta ce a hankali.

Injiniya ya share ido da tawul ɗin Baba. "Haba Yaya. Da lafiyarki ƙalau me zai kai ki bakin teku?"

Auta ta ce za ta raka ta, Yaya ta ce a'a da sauri, Gwaggo ta ce a ƙyale ta, mai ciwo shi ya san inda ke masa ciwo. Injiniya ya karɓi wayarta ya sa a caji, ya ce ta kira mutanen can yanzu kada a rasa wuri.

Sai a lokacin ta lura da Baba. Hawaye yana gangarowa ta ɓarin fuskarsa mai motsi, hannunsa mai lafiya yana lalube a kan bargo yana nemanta. Wannan kam ba za ta iya ba. Ko da ɗakin zai tafi, ko da kujerar, ba za ta bar tsohon nan ya kwana yana zaton zai binne 'yarsa ba. Ta durƙusa, ta kai bakinta daidai kunnensa.

"Baba, lafiyata lau. Babu likita, babu komai. Ruwa kawai nake so in je in gani."

Ya daɗe yana kallonta. Ya karkata ido ya dubi Injiniya da tawul, ya dubi Auta, ya dubi ɗakin da aka share. Sannan ya ja hannun rigarta, ta sake sunkuyawa. Maganarsa tana fita da ƙyar tun da ciwon ya same shi, amma ta saba, ita kaɗai take ganewa.

"To ki ɗan yi tari mana," in ji shi.

"Me ya ce?" Gwaggo ta tambaya.

Yaya ta miƙe a hankali, ta dafa ƙirji, ta yi tari.