Layi a Bayan Azariya

Ni ne na fara buga ƙirji, wannan ba zan ɓoye ba. A shekarar 1992 ina kansila a yankinmu na Kafanchan, mu goma sha ɗaya har da shugaban majalisa, Wilfred. Duk kwamitin da za a kafa, shi ke zaɓen mutanensa, ya karanto mana sunaye mu ce amin. Da maganar rabon rumfunan sabuwar kasuwa ta taso, abokina Azariya, tsohon malamin firamare mai taurin kai, ya kawo ƙudurin cewa daga yau ƙuri'a za ta fitar da shugaban kwamiti.

“Sambo, za ka tsaya mini?” ya tambaye ni.

“Ko sama za ta faɗo,” na ce masa.

Wilfred ya amince nan take, har da murmushi. Sharaɗinsa ɗaya: a yi yadda gwamnati ke zaɓe a lokacin, kowa ya bi layi a bayan wanda yake so. In an yi kunnen doki, shugaba ya raba gardama. Sai ya tsayar da amininsa Alhaji Irfan ya kara da Azariya, ya kuma sa a yi abin a filin sakatariya, ranar kasuwa.

Mu goma masu tsayuwa har da 'yan takarar biyu, biyar Musulmi, biyar Kirista. Garin kuwa bai gama warkewa daga rikicin addini na 1987 ba.

Kafin hantsi mutane sun cika bakin wayar da ta kewaye filin maƙil. Ba hayaniya, kallo kawai. Kiristoci huɗu suka jeru bayan Azariya, Musulmi uku bayan Irfan. Saura ni. Kowa ya san Irfan zai sayar da rumfunan nan ga wanda ya ga dama, ni ma na sani. Na ɗaga ƙafa zuwa wajen Azariya, sai na hango ƙanin mahaifina da mutanen unguwarmu sun zuba mini ido. Wallahi tsoro na ji, tsoro tsagwaronsa. Na sunkuyar da kai na bi bayan Irfan.

Biyar da biyar. Wilfred ya gyara hula, ya ba Irfan kujerar.

Da na waiwaya, mutanen bakin waya su ma sun rabu gida biyu, ba wanda ya ce su rabu. Masu tallar doya sun fara naɗe kayansu da rana tsaka.

Azariya ya nufo ni. Na shirya jin zagi, na ma fi son ya zage ni. Ya tsaya dab da ni, idonsa na kan jama'a, ya yi ƙasa da murya, da Hausarsa ta 'yan Kafanchan.

“Ba komai, Sambo. Amma ka gaya ma madam naka, gobe kada ya fito kasuwa. Yara ma su zauna gida.”