Dutsen Gwaggo Hansai

Ranar da katafilar Alhaji Mansur ta shigo garinmu, har da ni a masu fitowa kallo, ina washe baki. Sai da ta wuce gonarsa ta kafa kai cikin Kurmin Maitama, ta tumɓuke ɗorawa tara kafin azahar, sannan muka gane ba abin kallo ba ne.

Kurmin nan yana bayan garinmu, ba nisa da Gozaki. Ɗorawa ce da kaɗanya da tsamiya da marke, babu wanda ya shuka su. Rabin matan garin da shi suke rufa wa kansu asiri, su yi daddawa da kalwa, su yi man kaɗe. Alhaji ya ce gonar da ya saya ta haɗa da kurmin, masara zai zuba. Mu kuma mun tashi mun tarar ana cewa tun zamanin En'e aka keɓe wurin, aka hana sara.

Muka kai ƙara Malumfashi. Alƙali ya tsayar da aikin mako biyu, aka lalubo wata tsohuwar taswira a ofishin gandun daji. Ta nuna duwatsun siminti goma sha biyu da aka kafa a kan iyaka, kowanne da lambarsa. Alƙali ya ce a nuna ko guda ɗaya a inda aka kafa shi, safiyo zai auno sauran daga nan. In babu, takardar Alhaji ce za ta yi aiki.

Nan fa kowa ya sunkuyar da kai, domin mun san duwatsun sarai. Mu muka kwashe su. Uku suna murhun Mairo mai ƙosai, biyu suna ƙofar masallaci ana ɗora ƙafa ana alwala. Ɗaya ni da hannuna na tono shi shekara ashirin da suka wuce, na yi wa bijimina turke da shi. Siminti mai kyau yana zaune a daji ba ya aikin fari balle na baƙi, wa zai bar shi? Wani mai dabara ya ce a mayar da su a ɓoye. Liman ya ce ba da shi ba, kuma ma wa ya tuna ramin kowanne?

Aka turo safiyo, Malam Benedict, haifaffen Funtua, wanda Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da wasunmu. Kwana uku muna zagaye kurmin cikin zafin bazara, muna tono gindin kowace sabara. Babu komai. A rana ta uku raina ya gama ɓaci, sai ga Gwaggo Hansai, ƙanwar mahaifina, ta fito da kwandon ɗorawa a ka.

"Rabe, wai me kuke nema kuka tattake mini hanya haka?"

"Gwaggo, wuce kawai, ba maganar mata ba ce," na ce. Allah ya yafe mini wannan.

Malam Benedict kuwa durƙusawa ya yi ya gaishe ta, ya kwatanta mata abin da hannu, tsayinsa zuwa gwiwa, kansa a shafe.

"Au, dutsena? Ku biyo ni."

Ta kai mu can ƙuryar arewa, gindin wata tsohuwar tsamiya. Ga shi nan a tsaye, an share kewayensa tsaf. Ashe shekara arba'in a kansa take aza kwando ta durƙusa ta ɗora wa kanta kaya, tunda ba kullum ake samun mai taimako a daji ba. Gindin kwando ya cinye lambar. Malam Benedict ya zuba ruwa, ya shafa ƙasa da yatsa, sai ga bakwai ta fito. Ya duba taswira, ya dube mu, ya ce, "Shi ne." Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Da aka auna, kurmin gaba ɗaya ya faɗo cikin iyaka. Alƙali ya hana sara da noma a ciki, ya bar wa mata tsintarsu. Ɗorawa tara dai sun tafi, ba mai dawo da su.

Ranar da muka dawo daga kotu na tafi gidanta, na cire takalmi na durƙusa.

"Gwaggo, mun gode. Ke kaɗai kika san darajar dutsen nan a garin nan."

Tana tankaɗe garin ɗorawa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wace daraja, ɗan nan? Sau biyu ina roƙonka ka tono mini shi ka kawo gida in riƙa wanki a kai. Ka ce mini sai ka samu lokaci."

Sai na tuno. Gaskiya ne, an yi haka. Tun da nake ban taɓa gode wa Allah a kan saɓa wa babba ba, sai ranar.