Tambayar Zalika a Likitar Dakoro

Badaru ya riƙe siririyar kwalbar a kan harshen wuta yana jujjuya ta. Ruwan gwajin shuɗi ne, amma da ya tafasa tare da fitsarin sai ya koma kore, daga nan ya yi jawur kamar jar ƙasa.

"Ƙara yi in gani," in ji matar da ke kwance bisa gadon awo.

Sunanta Zalika. Da safiyar nan mijinta Agali ya kawo ta a kan raƙumi daga wajen Bader. Fatar damtsenta ta saki, da gani ka san a da mai jiki ce. Badaru shi kaɗai ne malamin jinya a likitar Dakoro, ƙaramin asibitin garin, a shekarar 1956, kuma bai taɓa samun maras lafiya da ta nemi a sake mata gwaji don kallo ba. Ya sake. Ta ɗago kai tana bin launin da ido.

"Sukari ne a jikinki, Inna," ya ce.

"Wanga na sani. Shekara takwas ke nan tururuwa na bin fitsarina. Taɓa nan."

Ta kama hannunsa ta ɗora ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. Ya ji abu mai tauri, gargada-gargada kamar dutse. Bara ya taɓa irinsa a cikin wani mahauci mai sukari, mutumin bai ga kaka ba.

"Uwata haka ta yi," in ji Zalika. "Da nono aka yi mana ƙiba tun muna ƙanana, ni da ƙannena biyu. Ita ma ƙishirwa ta fara, sai tururuwa, sai dutse. To, Likita, sukarin ne ke haihuwar dutsen, ko dutsen ne ke zubo sukarin?"

A makarantar Yamai an koya wa Badaru cututtukan biyu, kowace a ranarta, ba wanda ya taɓa haɗa su.

Da azahar motar lokotoro, babban likita Bature, ta iso daga Maraɗi, kamar yadda takan zo sau ɗaya a wata. Baturen ya daɗe yana latsa cikin, sannan ya wanke hannu ya yi magana da Faransanci ƙasa-ƙasa: ciwon daji ne a hanta, ya yi nisa. Badaru ya gaya masa tambayar matar, ya ƙara da labarin uwarta da na mahaucin.

Lokotoro ya tsaya da tawul a hannu. Ya ce akwai irin ciwon dajin da kan kawo sukari, amma ba ya barin mutum shekara takwas. Ko sukari na share wa ciwon hanya, shi dai bai sani ba, kuma mutum uku ba su isa a yanke magana ba. In tana so, akwai wuri a mota, a wuce da ita Yamai.

Badaru ya fassara duka, bai rage komai ba.

"A Yamai za su cire shi?" Agali ya tambaya daga cikin rawani.

"Ba na jin za su iya, Baba."

Agali ya juya fuska ga bango. Zalika kuwa yatsunta take kallo.

"Ya ce uku ba su isa ba? Nawa yake so?"

"Da yawa, Inna. Kuma a fara duba su tun dutsen bai fito ba."

Direba ya tada mota a waje. Zalika ta jawo gefen rigar mijinta.

"Ka ce wa Bature ya sauka lafiya. Kai kuma ka ɗauki raƙumi ka koma gida, ka zo mini da ƙannena, Safi da Mata. Su ma kullum suna bakin salkar ruwa don ƙishirwa. In sun ƙi, ka ce ni ce na kira."

"Ke fa?"

"Nan zan zauna, gindin itacen bedin can." Ta dubi Badaru. "Kana da sauran shuɗin ruwan?"

"Akwai."

"To, ka adana. Kai kuma kada ka tsaya gaishe-gaishe a hanya, Agali. Ina so in ga nasu da idona."