Man da Na Shafa wa Muntari

Ni Zuwaira ban yi boko ba, amma na san abin da aka yi wa ɗana. Shekara tara Muntari yana kankare fata a wani kamfanin jima a Challawa. Ranar wata Talata wuƙa ta ɗan yanke shi a bayan hannu, irin yankan da nake samu wajen yanka kuɓewa. Malam Idrisu mai riƙe da akwatin maganin kamfanin ya ba shi man shafawa, wai kada ciwon ya ruɓe.

Kwana biyu wurin ya yi ja, ga ƙaiƙayi, ga ƙuraje masu ruwa. To a Challawa duk wanda fatarsa ta tashi, kemikal ake cewa. Haka Idrisu ya ce: kemikal ne, a ƙara mai, a bi duk inda jan ya kai. Ni na riƙa bi, da yatsan nan nawa, safe da yamma. Jan yana hawa ina binsa, har gwiwar hannu, har wuya.

Sai da ya kasa riƙe cokali muka tafi asibiti. Likita ta juya man a hannunta ta ce, "Mama, jikinsa ne ba ya karɓar wannan maganin. Shi ke ƙona shi, ba kemikal ba."

Sati uku ya warke, fatar ta bar tabo dabbare-dabbare. Da ya koma aiki suka ce cuta ce mai yaɗuwa, har sun sa wani a gurbinsa.

Na ɗauki takardar likita na tsaya a bakin get ɗin kamfanin har Idrisu ya fito.

"Karanta, tunda ku ne masu ilimi! Ina aka ce yana yaɗuwa? Ku mayar mini da ɗana aikinsa."

"Inna, ki yi haƙuri, ba a hannuna yake ba, sai manaja."

"Man a hannun wa yake?"

Ya dubi ƙasa, ya ce a hankali, "Ni dai bayarwa na yi. Ba ni na shafa ba."

Na naɗe takardata na juyo gida.

Yanzu Muntari lodin buhuna yake yi a Dakata, da riga mai dogon hannu cikin zafin nan don kada a ƙyamace shi. Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Takardar tana ɗaure a bakin zanena, kuma duk Talata ina bakin get ɗin. Har yau manaja bai fito ba.